Yadda ake buɗe bonet ɗin mota, da yadda ake rufe shi ya kamu

Mutum zai iya shekara da shekaru yana tuƙa mota bai taɓa ɗaga bonet ɗinta da hannunsa ba. Da safe yaron gida ne ke duba ruwa da baƙin mai, in an je gareji kuma bakanike ne ke buɗewa. Sai ranar da allurar zafi ta haura a tsakiyar daji, ko batir ya mutu wani bawan Allah ya tsaya da wayoyi zai taimaka, ko jami'i a shingen bincike ya ce a buɗe zai duba lambar inji. A nan ne za ka ga mai mota yana laluben ƙasan sitiyari, ya ja wannan but ya buɗe, ya ja wancan murfin tankin mai ya ɓalle, gumi yana keto masa. Ba abin kunya ba ne, ba a nuna masa ba ne kawai. Kuma abu ne da in aka gane yadda aka ƙera shi, an gama, ko wace irin mota aka ba ka.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne bonet makulli biyu gare shi, kamar ƙofar da aka sa wa kwaɗo kuma aka danna mata sakata. Na farko daga cikin mota ake sakinsa: akwai mariƙi kusa da direba, an ɗaura masa siririyar wayar ƙarfe da ta bi ta jikin mota ta je har hancinta, inda makullin yake. Na biyu ƙugiya ce a can gaba, wadda sai ka fita ka sa hannu ka ture ta. Ba don a wahalar da kai aka yi ta ba. An yi ta ne domin ko da makullin farko ya saki mota tana gudu, iska ba za ta ɗaga bonet ta maka shi a gilas ba. A Amurka, inda yawancin motocin da muke saye na hannu suke fitowa, doka ce ta wajabta wannan kariya ta biyu ga duk bonet ɗin da zai iya rufe wa direba hanya in ya tashi.

Kafin ka taɓa komai

Ka tsayar da mota a wuri mai lebur, nesa da kwalta in a kan hanya kake. Mai otomatik ya sa giya a P, mai manuwal ya bar ta a firi ko a giya ta ɗaya bayan ya kashe, kowa kuma ya ja hambirki. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Masu mota mai haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, su ƙara lura: shirun da motar ta yi ba ya nufin a kashe take. Muddin kalmar READY tana haske a dashbod, injin zai iya tashi da kansa hannunka yana ciki.

Ka dubi waifa. In an ɗaga su tsaye, kamar yadda masu wankin mota suke barinsu, ka kwantar da su a kan gilas tukuna, domin a motoci da yawa gefen bonet na baya zai doke su in ya tashi, ya karce fenti ko ya lanƙwasa su.

Sannan ka dubi abin da ke fitowa daga gaban motar, in akwai. Farin tururi alamar ruwa ne ya tafasa. Ka dakata har ya lafa kafin ka matsa kusa. Baƙin hayaƙi mai warin roba ko waya da ta ƙone, ko fentin bonet da ka ga yana kumbura, wannan wuta ce. Kada ka ɗaga bonet a kan wuta. Da zarar ka ɗaga, iska ta samu hanya, wutar da take ci a hankali za ta tashi ta same ka a fuska. Ka fitar da kowa daga motar, a yi nisa. In kana da tukunyar kashe gobara kuma wutar ba ta yi ƙarfi ba, ka ja mariƙin ciki kaɗai, ka fesa ta 'yar kafar da ta buɗe.

Neman mariƙin cikin mota

Ka buɗe ƙofar direba sosai, ka tsuguna a waje ka leƙa. Daga zaune ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa mutane suke lalube. A mafi yawan motocin da ke kan titunanmu, Corolla, Camry, Sienna, Accord, Civic, yana ƙasan dashbod ta hagun sitiyari, daidai inda gwiwarka ta hagu take ko ƙasa da nan kaɗan. A wasu kuma, kamar Golf da Peugeot da yawa, yana jikin bangon da ke kusa da ƙafarka ta hagu, dab da bakin ƙofa. Wasu daga cikin waɗannan an yi su ne yadda mariƙin ba zai jawu ba sai ƙofa tana buɗe, saboda kada a ja shi bisa kuskure ana tafiya. Saboda haka in ka ja ka ji ya tokare, ka fara duba ƙofar kafin ka ƙara ƙarfi.

Alamar da ke jikinsa hoton mota ce ta gefe, murfin gabanta a ɗage. Ka dube ta da kyau, don ta but ma haka take, sai dai ita murfin baya ne a ɗage. Ta tankin mai kuwa hoton famfon gidan mai ne. A Corolla da ire-irenta, na but da na tanki suna ƙasa a gefen kujerar direba, na bonet shi kaɗai ne a ƙarƙashin dashbod. A tsohuwar mota hoton yakan goge gaba ɗaya, sai dai ka gane shi da girmansa da kuma wayar da ke bayansa. In ka haska tocilar waya za ka ga baƙar wayar ta shige cikin jikin mota ta nufi gaba.

Akwai wani mariƙi da nake so masu Mercedes da wasu motocin Amurka su kiyaye. Motar da ake taka hambirkinta da ƙafa takan zo da abin ja a wannan yankin na hagu, mai alamar P a cikin da'ira, wanda aikinsa sakin hambirki ne. In ka ja shi a kan gangara da zaton na bonet ne, mota za ta iya gangarawa kana tsugune a bakin ƙofarta. A Mercedes da yawa mariƙin bonet ja ne, kuma ya fi shigewa ciki.

In ka duba hagu kaf ba ka gani ba, ka zagaya ɗaya gefen. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, amma har yau ana shigo da motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama a juya su a gareji. Mai juyawa yakan kwashe sitiyari da feda ya kai hagu, ya bar mariƙin bonet a inda kamfani ya sa shi.

Ka same shi, to ka sa yatsu biyu ko uku a bayansa ka jawo shi wajenka, ja ɗaya mai ƙarfi amma ba fizga ba. Roba ce, kuma robar da ta sha zafin rana shekara goma sha ba ta jure fizga. Za ka ji ƙara daga gaba, ƙwas, in ka duba ta gilas za ka ga bakin bonet ya ɗan ɗago kamar faɗin yatsa biyu. Ka mayar da mariƙin mazauninsa in bai koma da kansa ba.

Ƙugiyar gaba

Nan ne mutane suka fi tsayawa. Sun ja na ciki, sun zo gaba, sun kama bonet suna ɗagawa, ya ɗan motsa ya tsaya, sai su ɗauka ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ƙugiya ce ta riƙe shi.

Ka tsaya a tsakiyar gaban motar, daidai tambarin kamfani. Ka sa hannu ɗaya ka ɗan ɗaga bakin bonet, ɗaya hannun kuma ka zura yatsu cikin kafar, tafin hannu yana kallon ƙasa ko sama, duk wanda ya fi maka sauƙi. Ka bi da yatsun a hankali daga tsakiya zuwa ɗan hagu, sannan zuwa ɗan dama. Za ka ci karo da wani ɗan harshe na ƙarfe ko na roba mai motsi, wanda in ka taɓa shi za ka ji sifirin yana mayar da shi. A wasu motocin an shafa masa launin rawaya don a gan shi. Wani sama ake ɗaga shi, wani gefe ake tura shi, wani kuma matse shi ake yi zuwa jikin bonet. Ka gwada a hankali. Ɓangaren da ya yarda ya tafi, nan ne hanyarsa.

Ga dabarar da ke raba wanda ya saba da wanda bai saba ba. In kana jan bonet sama da ƙarfi a lokacin da kake tura harshen, ƙugiyar tana cije da ƙarfen da ta kama, ba za ta goce ba. Ka sassauta, ka bar bonet ya ɗan sauka, ko ma ka danna shi ƙasa kaɗan, ka ture harshen, sannan ka ɗaga yana ture. Zai taso ba gardama.

In motar ta yi tafiya mai nisa, wurin yana da zafi, lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, yana nan dab da yatsunka. Ka naɗe hannu da tsumma ko hankici. In dare ne, ka durƙusa ka haska kafar ka ga harshen da idonka kafin ka zura hannu.

Motocin da suka bi wata hanya

Tsofaffin Mercedes, irin V-Boot da waɗanda suka biyo bayanta, ba sa bukatar lalube. Kana jan mariƙin ciki, wani ɗan harshen roba zai leƙo daga cikin ragar gaba. Shi za ka jawo waje, ka ɗaga bonet da ɗaya hannun. Kada ka ɗaga bonet ɗin da harshen kansa, karyewa yake yi.

BMW na shekarun baya-bayan nan ba su da harshen waje sam. Mariƙin ciki ake ja sau biyu: ja na farko ya saki makulli, ka sake shi ya koma, ja na biyu ya saki ƙugiya. Sai ka fita ka ɗaga kawai.

Ford Focus na farko da na biyu ƙirar Turai, da wasu Mondeo na zamaninsu, su kuma ba su da mariƙi a ciki ko kaɗan, kuma sun sa mutane da yawa sun kwance rabin dashbod a banza. Da makullin mota ake buɗe su. Ka juya tambarin Ford da ke ragar gaba gefe, za ka ga ramin makulli a bayansa. Ka sa makulli ka murɗa hagu, bonet zai ɗan ɗago; ka murɗa dama har ƙarshe, ka ɗaga. Ka zare makullin nan take, don kada a manta a sauke bonet a kansa.

Masu bas ƙirar Hiace kuma, in ba sabuwar ƙirar da ta fito a 2019 ba, ɗan murfin da ke gaba ba ya kai ka ga inji. Injin yana ƙarƙashin kujerun gaba. Sai an ɓalle maɗaurai an ɗaga kujerar fasinja ake ganin ma'aunin baƙin mai.

Ɗagawa da tokarewa

Bonet iri biyu ne wajen tsayuwa. Wani yana da ƙananan shakazoba a gefe, kamar na Camry da yawa da Lexus da Mercedes. Kana ɗaga shi rabi zai ƙarasa da kansa ya tsaya. Wani kuma, kamar na Corolla da Civic, sandar ƙarfe gare shi, a kwance a gaban inji ko a gefe, an maƙale ta a 'yar roba. Ka riƙe bonet da hannu ɗaya, ka ciro sandar, ka sa bakinta a ramin da aka yi mata a cikin bonet. Ramuka suna da yawa a wurin, amma nata yawanci akwai kibiya a kusa da shi. Ka tabbatar ta shiga ta zauna kafin ka saki hannu, ka ɗan girgiza ka gani. Sandar ma tana ɗaukar zafi, ka kama ta wurin da aka sa mata roba.

Shakazoban bonet suna mutuwa da tsufa, kuma ba sa sanarwa. In ka ɗaga ka ga yana saukowa a hankali, kada ka sa kanka a ƙarƙashinsa da fatan zai tsaya. Ka sa wani ya riƙe, ko ka tokare da sanda mai ƙwari, ka kuma sayi sababbi. Ba su da tsada idan aka kwatanta da ƙarfen da zai sauko wa mutum a ƙeya. Haka nan ranar da ake iska mai ƙarfi, irin ta gabanin hadari, iska tana iya ɗaga bonet ta zare shi daga kan sandar.

Da yake an buɗe, abu uku zan roƙe ka. Fankar lagireto ta lantarki tana iya tashi ko da inji a kashe yake, don haka ka nisanta yatsu da ita. In dole sai inji yana aiki za a duba wani abu, ka tattare hannun babbar riga, Hajiya ta soke gefen mayafi ko hijabi, a cire carbi daga wuyan hannu, domin fambel, bel ɗin da inji ke juyawa, ba ya jira. Na uku, kuma shi ya fi ƙona mutane: murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yana wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, kana sassauta murfin zai yi tsiri ya watso maka a fuska da ƙirji. Ka ba shi aƙalla rabin awa. Ka taɓa babban tiyon sama da tsumma. In har yana da tauri da zafi, lokaci bai yi ba. A mota mai haɗa fetur da lantarki kuma, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta wuta mai ƙarfi ce, ba a taɓa ta.

In ya ƙi buɗuwa

Ka lura da abin da hannunka ya ji lokacin da ka ja mariƙin, don shi zai gaya maka inda matsalar take.

In ka ji nauyi kamar kullum amma bonet bai ɗago ba, waya lafiya take, makullin ne ya cije. Ƙurar hunturu da tsohon giris sukan haɗu su daskare a cikinsa, damina kuma ta kawo tsatsa. Wannan aikin mutum biyu ne. Ka samu wani ka ce, "Malam, don Allah taimaka ka danna min nan," ka nuna masa bakin bonet daidai saman makulli. Ya danna da tafin hannu biyu ya saki, kai kuma kana riƙe da mariƙin a jawo. Sau da yawa a dannawa ta biyu ko ta uku zai ɓalle. In kai kaɗai ne, ka ja mariƙin ka cusa tsumma a bayansa ya tsaya a jawo, ka je ka bubbuga bakin bonet da tafin hannu, ka ɗaga. A bakin ƙarfe ake dannawa, ba a tsakiyar bonet ba, don tsakiya lotsawa yake yi.

In mariƙin ya karye a hannunka, ba a rasa komai ba. Ka duba bayansa za ka ga ƙarshen wayar da ɗan dunƙulen ƙarfe a bakinta. Ka kama wayar ta ciki da filaya, ba baƙar rigarta ba, ka jawo.

In kuwa mariƙin ya taho sakayau babu nauyi ko kaɗan, waya ta tsinke ko ta zame daga makulli. Ana iya kai wa ga makullin ta cikin ragar gaba da dogon sukurdireba, ko ta ƙarƙashin mota, a tura ɗan hannun da wayar take ja. Amma lagireto da na'urar sanyaya mota suna nan a bayan ragar, ƙarfensu kuma laushi gare shi. Tsokana ɗaya ta kuskure ta huda shi. Shawarata, in ba a daji kake ba, ka kai wa bakanike ko mai gyaran jikin mota. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a zura ƙarfen taya a bakin bonet a yi ta ɓanɓara. Za a lanƙwasa bonet, a karya makulli, aikin waya ɗaya ya koma aikin fenti.

Duk lokacin da ya buɗu bayan irin wannan gardama, kada ka rufe sai an gyara. A wanke makullin da ɗan kananzir ko man fesawa mai cire tsatsa, a goge, a shafa sabon giris a haƙoransa da kan ƙugiyar, a motsa harshen da hannu a ga sifirin yana dawo da shi da kansa. Ƙugiyar da aka tura ta tsaya a inda aka tura ta, ba ta dawo ba, daidai take da babu.

Rufewa

A ganina rufewa ta fi buɗewa muhimmanci, don wanda ya kasa buɗewa lokaci kawai ya ɓata, wanda ya rufe ba daidai ba kuwa da ransa da na fasinjojinsa yake tafiya.

Ka duba cikin inji tukuna: sifana, tsumma, robar ruwa, murfin baƙin mai da aka ajiye a gefe. Ka ɗaga bonet kaɗan, ka zare sandar, ka mayar da ita cikin robarta har ta kama, in ba haka ba za ta yi ta ƙara ko ta taɓa kan batir. Ka sauko da bonet da hannu biyu har ya rage kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 30, ka tabbatar ba yatsan kowa a gefe, musamman yara masu son leƙe, sai ka sake shi ya faɗa da nauyinsa. Mai shakazoba yana bukatar ka ɗan tura shi da sauri a ƙarshen. Ba a maka bonet daga sama da ƙarfi, ba a kuma kwantar da shi a hau danna shi da gwiwar hannu. Na motocin zamani da yawa na alminiyom ne, shaidar tafin hannunka za ta zauna a jiki.

Daga nan sai gwaji, wanda daƙiƙa biyu ne amma shi aka fi tsallakewa. Ka sa yatsu a bakin bonet ka ja sama. In ya kamu, ba zai motsa ba, kuma bakinsa zai yi daidai da fuka-fukan motar ta gefe biyu. In ya ɗan yi sama da ƙasa, ƙugiya ce kaɗai ta riƙe shi. Ka koma ciki ka ja mariƙi, ka buɗe, ka sake sakinsa daga ɗan sama da na farko. Ka yi wannan gwajin ko ba kai ka rufe ba: bayan an fito daga gareji, bayan wankin mota, bayan an duba lambar inji a hanya. Motar da ta taɓa yin karo ta gaba, makullinta yakan goce daga saitinsa, kuma ɗaure bonet da igiya ko waya, da ake gani a wasu motocin haya, dabara ce ta kai mota gareji a hankali, ba ta hawa babbar hanya ba.

In kana tafiya ka ga bakin bonet yana rawa, ka rage gudu ka tsaya nan take ka rufe shi. In kuma Allah ya ƙaddara ya tashi ya rufe gilas, kada ka taka birki da ƙarfi, don na bayanka bai san abin da ya faru ba, kada kuma ka karkatar da sitiyari. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sunkuya ka duba ta kafar da ke tsakanin ƙasan bonet da dashbod, ko ka leƙa ta tagar gefenka ka bi layin bakin titi, ka kunna sigina ta gefe biyu, ka rage gudu a hankali har ka sauka daga kwalta. Bonet ɗin da ya tashi haka maƙallansa na baya sun riga sun lanƙwashe, ba zai koma ya kamu yadda yake ba, saboda haka sai a ɗaure shi tam ta gaba, a tafi a hankali zuwa wurin mai gyara mafi kusa.